Kundin dokokin mulki na masu fotokopin Harobanda: abin da ke ciki da abin da babu

A layin shagunan fotokopi da ke kusa da Jami'ar Abdou Moumouni, a Harobanda, bayan an ƙetare gadar Kennedy, akwai wani kundi mai juzu'i uku da ɗaliban shari'a, ƴan jarida da yaran lauyoyi ke yawan tambaya. Ba littafi ba ne da wani gidan ɗab'i ya fitar. Tarin takardu ne da mai shago ya ajiye a kwamfutarsa shekara da shekaru, in ka biya ya buga maka ya ɗaure: kundayen tsarin mulkin Nijar tun daga 1960, wasu hukunce-hukuncen kotun tsarin mulki, da dokokin da aka sa wa hannu daga 28 ga Yulin 2023 zuwa yau. Duka da Faransanci suke. Wannan sharhi a kan na shago ɗaya ne, amma da yake shagunan kwafar juna suke, abin da ya shafe shi ya shafi sauran.

Juzu'i na ɗaya da na biyu ba asarar kuɗi ba ne, a saya a ɗaure da kyau. Na uku ma a saya, amma kada a yarda a ɗaure shi, kuma kada a kai ko shafi ɗaya daga cikinsa gaban alƙali ko a karanta shi a rediyo sai an gwada shi da Jaridar Gwamnati, wato Journal Officiel. Rabin laifin wannan ba na mai shago ba ne, za a ga dalili.

Kuɗin da shafi ake lissafa shi, daga dala biyu zuwa dala biyar, gwargwadon yawan abin da za ka buga. Juzu'i mai shafi 200 a kan dala uku zai tsaya maka jika uku, kuɗin ɗauri daban. Yaron da ke kan na'ura zai tambaye ka, "Malam, gaba da baya ko fuska ɗaya?" Ka ce gaba da baya, amma ka nemi takarda mai giram 80, domin a mai 70 rubutun baya yana leƙowa, lambar wannan aya ta cakuɗe da ta waccan. Ɗauri iri biyu suke yi. Na zoben roba yana buɗewa shimfiɗe a kan tebur, ya fi daɗin karatu, sai dai zafin Afrilu da Mayu na busar da robar, haƙoran su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya, balle in kundin na wuni a akwatin babur. Na gam da ƙyalle ya fi ƙarko, in dai an ɗinke shafukan da zare kafin a shafa gam. In gam kaɗai ne, tsakiyar littafin za ta tsage. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne na'urar huda ramuka. Lambobin ayoyi a gefen hagu suke, in ba a bar fili ba ramin zobe zai cinye su, ka tarar da "aya ta 35" alhali ta 135 ce. A ce a rage girman shafi zuwa kashi 90 cikin ɗari kafin a buga. A je da safe, don lokacin zafi wuta na ɗaukewa da rana, ƙaramin gurup ɗin shagon kuwa ba ya ɗaukar babbar na'urar, sai a koma ƙarama mai dusashen rubutu. Kuma kada a soka kile, wato ma'ajiyar USB, a kwamfutar shagon. A karɓi fayil ta WhatsApp.

Juzu'i na ɗaya tarihi ne: kundin 8 ga Nuwamban 1960 na zamanin Diori Hamani, na 24 ga Satumban 1989 na Ali Saibou, na 26 ga Disamban 1992 da ya biyo bayan taron ƙasa na 1991, na 12 ga Mayun 1996 na Ibrahim Bare Mainassara, da na 9 ga Agustan 1999. Na 1960 da na 1989 kwafin kwafin kwafi ne, har 3 da 8 ba su rarrabuwa a wasu shafukan, kuma wani ɗalibi na da can ya ja layi ƙarƙashin ayoyin da ya zaci za su fito a jarrabawa, layin nasa ya bi kowane kwafi har yau. Ana karantawa dai.

Wannan juzu'i ba a karanta shi daga bango zuwa bango. A buɗe babin shugaban ƙasa a kowane kundi, a nemi amsar tambaya huɗu: wa ke naɗa gwamnati, wa ke iya sauke ta, wa ke iya rusa majalisa, kuma in an yi gardama wa ke da maganar ƙarshe. A 1960 kusan komai a hannun shugaba yake, majalisa kuwa ta jam'iyya ɗaya ce, PPN-RDA, tunda an haramta Sawaba tun 1959. Daga juyin mulkin Seyni Kountche na 15 ga Afrilun 1974 zuwa 1989 babu ma majalisar, shi ya sa babu shafi ko ɗaya na waɗannan shekaru 15. Kundin 1992 ya raba iko tsakanin shugaba da faraminista amma bai fayyace iyakar kowa ba. Da ƴan adawa suka ci zaɓen ƴan majalisa na Janairun 1995, Mahamane Ousmane ya zauna da Hama Amadou a matsayin faraminista, aka yi zaman ƴan marina, aka yi ta ja-in-ja kan naɗin manyan ma'aikata da kiran taron majalisar ministoci, har sojoji suka fake da wannan ranar 27 ga Janairun 1996. Kundin Bare ya mayar da iko wuri ɗaya, kuma a watan Yulin wannan shekarar aka rusa hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u. Na 1999 ya sake rabawa, da ƙarin bayani kan wa ke yin me, kuma a ƙarƙashinsa ne majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'ar yankan ƙauna ranar 31 ga Mayun 2007.

Juzu'i na biyu shi ne zuciyar kundin, kuma wanda ya jera shi ya san abin da yake yi. Ya fara da takardun tazarce na 2009 bi da bi, sannan ya kawo kundin jamhuriya ta bakwai na 25 ga Nuwamban 2010. Duk wanda ya karanta su a haka zai ga cewa kundin 2010 amsa ce, aya bayan aya, ga abin da ya faru cikin makonni goma sha biyu kacal.

Ga yadda takardun suka zo. Aya ta 36 ta kundin 1999 ta ce wa'adin shugaba shekara biyar ne, a sabunta sau ɗaya. Aya ta 136 ta hana a taɓa wannan. Tandja Mamadou, da wa'adinsa na biyu zai ƙare a Disamban 2009, ya ce shi ba gyara zai yi ba, sabon kundi ɗungurungum zai kai gaban jama'a ta zaɓen raba gardama. Ranar 25 ga Mayu kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ba da ra'ayin cewa hakan ya saɓa wa kundi. Washegari ya rusa majalisa. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dekiren kiran zaɓen, wato umarnin da shugaba ya sa wa hannu, wannan karon hukunci ne ba ra'ayi ba. Ranar 26 ga Yuni ya ɗauki ikon musamman na aya ta 53, wanda aka tanada don lokacin da ƙasa ke cikin babban haɗari, ranar 29 kuma ya rusa kotun kanta. An yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, aka ƙaddamar da kundin jamhuriya ta shida ranar 18 ga Agusta da ƙarin shekara uku. Wata shida bayan nan, ranar 18 ga Fabrairun 2010, Salou Djibo ya yi juyin mulki. Abin lura a nan shi ne jerin: da an bar majalisa, ita ce za ta duba yadda ake amfani da ikon musamman, da yake an fara kawar da ita, babu mai cewa ya isa.

Sai a juya zuwa kundin 2010, mai aya 185. Aya ta 47 ta maimaita wa'adi biyu, ta ƙara da cewa ba a tsawaita wa'adi kan kowane irin dalili. Aya ta 175 ta sa wannan cikin abin da ba a gyarawa. Aya ta 59 ta bar wa shugaba ikon rusa majalisa, amma ba zai sake ba cikin wata 24 bayan zaɓen da ya biyo. Aya ta 67, wadda ta gaji ta 53, ta ce majalisa ba ta rusuwa lokacin ikon musamman, kuma ita ke duba tsawonsa, ta kawo ƙarshensa in an wuce gona da iri. Aya ta 135 kuwa layi biyu ce: kotun tsarin mulki ba ta rusuwa, kuma ba a dakatar da ko aya ɗaya da ta shafe ta. Kotun mutum bakwai ce, shekara shida ba sabuntawa, kuma mutum ɗaya tak shugaban ƙasa ke gabatarwa. Ɗaya shugabannin majalisa ke gabatarwa, sauran biyar abokan aikinsu ke zaɓo su: alƙalai biyu, lauya ɗaya, malamin shari'a na jami'a ɗaya, da wakilin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Kashi ɗaya cikin goma na ƴan majalisa ya isa ya kai doka gaban kotun kafin a sa mata hannu, kashi ɗaya cikin biyar ya isa ya shigar da ƙuri'ar yankan ƙauna. Har da aya ta 150 da ta tilasta a buga kwangilolin ma'adinai da man fetur gaba ɗaya a Jaridar Gwamnati. A duba ko kwafin shagon yana ɗauke da gyaran da aka yi wa kundin a 2017. Wasu na asalin 2010 ne kawai, kuma bangon ba ya faɗa.

Babban giɓin wannan juzu'i shi ne ya tsaya a kan kundin tsarin mulki, bai kawo dokokin da aka yi a ƙarƙashinsa ba. Mai karatu zai fita da zaton cewa daga 2011 zuwa 2023 birki na ci ko'ina. Ba haka ba ne. Aya ta 106 ta ba gwamnati damar neman izinin majalisa ta yi doka da kanta na ɗan lokaci, majalisar da masu mulki ke da rinjaye a cikinta kuwa ba ta cika hanawa ba. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a Difa a Fabrairun 2015, aka faɗaɗa zuwa wasu sassan Tilaberi da Tawa a Maris 2017, an yi ta sabunta ta duk bayan wata uku har ta zama abin yau da kullum. A Maris 2018 aka kama jagororin ƙungiyoyin farar hula kan zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi. A 2020 majalisa ta amince da dokar sauraren wayoyi da saƙonnin mutane, wadda ta sa ba da izinin a hannun shugaban ƙasa maimakon alƙali. Shugaban ƙasa kuma shi ke jagorantar majalisar ƙoli ta alƙalai, mai ba da ra'ayi kan naɗi da sauyin wurin aiki. Ko ɗaya daga waɗannan takardu ba ya cikin kundin. Wanda ke son cikakken hoto sai ya nemi a ƙara masa su, kuma mai shago zai nemo in an ba shi shekara da sunan dokar.

Juzu'i na uku ya buɗe da odonansi biyu na 28 ga Yulin 2023, wato dokokin da shugaba ke sa wa hannu ba tare da majalisar dokoki ba. Mai lamba 2023-01 ta dakatar da kundin 2010 ta kafa CNSP, majalisar sojojin da suka hamɓarar da shugaba Mohamed Bazoum. Mai lamba 2023-02 ta tsara yadda za a tafiyar da mulki, ta haɗa ikon yin doka da na zartarwa a hannun CNSP, shugabanta Janar Abdourahamane Tiani shi ke sa hannu. Daga nan matsalar mai fotokopi ta fara. A da, doka na fitowa daga majalisar ministoci ta je majalisar dokoki, kwamiti ya duba, a yi muhawara a zauren da rediyo ke watsawa, a kaɗa ƙuri'a, shugaba ya sa hannu cikin kwana 15. Makonni ko watanni ake ɗauka, kafin ta fara aiki kowa ya riga ya riƙe rubutunta. Yanzu labarin farko sanarwa ce a Télé Sahel da dare ko a jaridar Le Sahel da safe, cikakken rubutun kuma sai daga baya. Mai shago yana cike gurbin da abin da ya samu: sanarwar taron ministoci, ko hoton takarda da wani ya ɗauka da waya a karkace, yatsansa na rufe kusurwa. Kundin da aka ɗaure yau zai iya tsufa kafin Juma'a mai zuwa. Shi ya sa wannan juzu'i fayil mai buɗewa ya dace da shi, a riƙa zare shafi ana sa wani.

Misalin da ya fi haɗari shi ne dokar laifukan intanet, domin takarda uku ce ba ɗaya ba. Dokar asali mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 ta tanadi ɗauri. Gyaran 2022 ya cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, ya bar tara. Odonansi mai lamba 2024-28 ta 7 ga Yunin 2024 ta dawo da shi: shekara ɗaya zuwa uku kan ɓata suna ko zagi ta intanet, biyu zuwa biyar kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. A kundin shagon dokar 2019 da gyaran 2022 suna jere wuri ɗaya, ta 2024 tana can nesa cikin jerin shekararta, ba wata alama da ke haɗa su. Ɗan jaridar da ya tsaya a shafin 2022 zai kwana da zaton tara ce kawai ke kansa. Haka yawancin dokoki suke yanzu: tsofaffin suna nan daram sai wadda aka soke ko aka gyara, gyaran kuma yana zuwa a takarda daban, aya ta ƙarshe ta ce an soke duk wani tanadi na baya da ya saɓa, ba tare da ta lissafa su ba. Haɗa su wuri ɗaya aikin mai karatu ne. A ɗauki fensir a rubuta lambar gyara a gefen kowace ayar da aka taɓa.

Sauran abin da ke ciki ya isa ya nuna inda iko ya taru. Odonansi mai lamba 2024-05 ta 23 ga Fabrairun 2024 ta fitar da sayayyar tsaro daga dokokin kwangilar gwamnati, haraji da lissafin kuɗin ƙasa, a ƙasar da binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya bankaɗo ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun gundumomi, birane da jihohi, aka naɗa kantomomi. Odonansi mai lamba 2024-43 ta 27 ga Agustan 2024 ta kafa rajistar mutane da ƙungiyoyin da ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, ta ba da damar janye wa mutum ɗan ƙasanci na wucin gadi kafin kotu ta yanke hukunci, kuma a Oktoban wannan shekarar aka yi amfani da ita kan mutum tara. Sai kundin sake gina ƙasa, wanda ya biyo bayan babban taron ƙasa na 15 zuwa 20 ga Fabrairun 2025 a Yamai, aka ƙaddamar da shi ranar 26 ga Maris da dekire mai lamba 2025-160. Ya sa wa'adin wata 60, amma mai iya sauyawa gwargwadon yanayin tsaro da wasu sharuɗɗa. A ranar aka rusa jam'iyyun siyasa. A ajiye ayar wa'adin nan kusa da ta 47 ta 2010, a karanta su tare. Haka ayar da ta ce sai da zaɓen raba gardama za a kafa sansanin sojan waje: a ci gaba da karatu, domin ta bar wa shugaba ƙofar yin hakan da dekire in akwai gaggawa. Majalisar shawara ta CCR, mai mutum 194 da ta fara zama a Yunin 2025, naɗaɗɗu ne, shawara take bayarwa. Ba ta kaɗa ƙuri'ar da za ta hana doka ko ta kayar da gwamnati.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujjarsu, kuma ana jin ta a kowace fada ta Yamai: ƙasa na cikin yaƙi, ƴan majalisa sun ci kuɗi ba su hana komai ba, jam'iyyu sun raba kan dangi. Kuma ba kowace odonansi ce mummuna ba. Wadda ta cire ɗauri kan laifukan aikin jarida, mai lamba 2010-35, da ta haƙƙin samun bayanan gwamnati, mai lamba 2011-22, duk a zamanin soja na Salou Djibo aka yi su. Amma odonansi ta fi mai ita tsawon rai. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, ta zamanin Kountche, ta ratsa jamhuriya bayan jamhuriya, gwamnatocin farar hula suka gaje ta suka yi aiki da ita. Ikon da aka ba mai mulkin da ka yarda da shi yau, wanda zai gaje shi zai tarar da shi a aljihun tebur, ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba. Wannan shi ne abin da kundin ke nunawa in an karanta shi duka, ko da yake mai shago bai rubuta ko kalma ɗaya ta kansa a ciki ba.

Tantance takarda ba wuya, minti biyu ne. A fara da lamba da kwanan wata a sama. In gurbinsu fili ne ko ɗige-ɗige, daftari ne, ba doka ba, kuma akwai irinsu a juzu'i na uku. A duba irin takardar: doka daga majalisa take, odonansi daga shugaba amma ƙarfinta na doka ne, dekire na ƙasa da su, arete na minista ko gwamna ko perefe. Haruffan da ke bayan lambar dekire suna faɗin zamaninsa: PRN, wato shugaban jamhuriyar Nijar, kafin Yulin 2023, P/CNSP bayan nan, PRN kuma ya dawo bayan Maris 2025, sai gajeren sunan ma'aikatar da abin ya shafa. A karanta jerin layukan da ke farawa da "Vu", su ne takardun da aka dogara da su, kuma nan ake gano dokar da ake gyarawa. A tsallaka zuwa aya ta ƙarshe a ga ranar fara aiki. A ƙasa a nemi sunan mai sa hannu da tabbacin babban sakataren gwamnati. In shafin daga Jaridar Gwamnati yake, a samansa akwai ranar fitowa da lambar shafi. Yaran shago sukan yanke wannan layi don shafin ya yi kyau, a hana su, shi ne shaidar. Sanarwar taron ministoci kuwa, komai tsawonta, taƙaitawa ce, ba a kafa hujja da ita.

Wannan bambanci yana da amfani ga wanda ke son ƙalubalantar mataki. Dekire da arete ana kai ƙararsu gaban alƙalin da ke duba ayyukan hukuma, kan cewa sun wuce iyakar doka. Aikin da Conseil d'État, babbar kotun ƙararrakin hukuma, ke yi a da, yanzu yana hannun sabuwar kotun ƙoli, Cour d'État, da aka kafa a 2023, wadda ta haɗiye har da kotun ƙoli ta ɗaukaka ƙara, kuma ita ce ta tuɓe wa Mohamed Bazoum rigar kariya ranar 14 ga Yunin 2024. Kafin a je kotu sai an fara rubuta wa wanda ya ɗauki matakin ko na sama da shi, a karɓi shaidar ajiye takarda mai hatimi da kwanan wata. Wa'adin gajere ne, kuma yana fara gudu daga ranar da aka buga matakin ko aka sanar da mutum, ba ranar da ya ji labari ba. Ƙararraki da yawa a nan suke mutuwa kafin a duba gaskiyarsu. Odonansi kuwa ba ta bin wannan hanya, tunda ƙarfin doka gare ta, kotun tsarin mulkin 2010 da ke auna doka kuma ta tafi tare da kundinta. Ƙofar kotun CEDEAO, wadda ta ba da umarnin sakin Bazoum ranar 15 ga Disamban 2023 ba a aiwatar ba, ta rufe ga sababbin al'amura da ficewar Nijar ranar 29 ga Janairun 2025. A Agustan 2025 kuma aka rusa ƙungiyar alƙalai ta SAMAN tare da wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a. Odonansin da ta tsara Cour d'État tana cikin juzu'in, amma a tsakiyar jerin 2023, ba a ware ta ba. Yaron lauya ya manna mata alama, ita za a fi buɗewa.

Wani rashi da ke ba da takaici shi ne harshe. Aya ta 43 ta kundin 2010 ta ɗora wa gwamnati nauyin fassara shi zuwa harsunan ƙasa, kundin 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, amma ko shafi ɗaya na Hausa ko Zabarmanci babu a juzu'i ukun. Mai gabatar da shiri a rediyon Tawa ko Konni shi zai fassara da kansa a gaban makirfo, kuma nan ne "na wucin gadi" ko "bayan jin ra'ayin" ke faɗuwa, alhali ma'anar ayar duka a kansu ta rataya. Jin ra'ayin wata majalisa daban, neman amincewarta daban.

Babu fihirisa ko ɗaya, shafukan kuma ba su da lamba mai bin juna, kowace takarda da tata. A sayi takarda mai launi a sa tsakanin dokoki, shago na sayarwa. Ɗalibin shekarar farko na ɗaya da na biyu sun ishe shi, ɗaurin gam da zare. Ɗan jarida da ma'aikacin ƙungiya su ɗauki na biyu a ɗaure, na uku a fayil mai buɗewa, su rubuta ranar da aka buga shi da fensir a bango, su koma shagon ƙarshen kowane wata su biya kuɗin sababbin shafuka kawai. Wanda ke Tawa ya tura lambobin dokokin da yake so ta waya, a ɗaure masa a sa a motar safe, amma ya ce a fara turo masa hoton shafin farko da na ƙarshe na kowace takarda kafin ya biya.